Ƙafar Yaron Goggo a Gidan Gaba

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun da nake ban taɓa yin mai rainin hankali irinsa ba. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, don kada ku ce tuwon dare ne ya yi min yawa. Ko loma ban kai bakina ba.

Ni ce Tabawa mai ƙuli-ƙuli. Jiya da la'asar ina tsakiyar matsar mai sai Saude ta bugo waya tana kuka. Saude matar yaron Goggo ce. Shi kuwa yaron Goggo, to, ni na haife shi, shi ne na fari. Ranar da aka yaye shi uwar mijina Malam, wato Goggo, ta saɓa shi a baya ta tafi da shi ɗakinta. A can ya girma, yana ce mata Inna, ni yana ce min Yaya. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, haka na taras ana yi a gidanmu. Ɗan fari ai ba a kiran sunansa, sai marar kunya. In ta kama dole sai in ce "wancan" ko "yaron Goggo," kowa ya gane. Yanzu direban babbar mota ne, da 'ya'yansa, amma har gobe a wurina yaron Goggo ne.

Saude ta ce motarsu ta faɗi a hanyar kudu, ƙafarsa ta dama ta yi mummunar karaya, likita ya ce in ba a yi aiki da wuri ba sai dai a yanke. Kuma ba za a taɓa shi ba sai an biya.

Kuɗi ina da su. Na daɗe ina tara na sayen injin matsar mai, yaron Goggo ne ma ya buɗe min asusun ajiya a banki, ya ce in daina cusa kuɗi a tukunya. To bankin yana birni, ga Asabar, Litinin kuma hutu. Na ruga wurin mai POS na bakin kasuwa, garin sauri na yi ta danna lambar sirri ba daidai ba har katin ya kulle. Mai POS ya buga min lambar bankin a wayata. Wata yarinya mai zaƙin murya ta ce ba komai Mama, za a buɗe, tambaya ɗaya kawai za ki amsa da bakinki: mene ne sunan ɗanki na fari? Ashe ja'irin shi ya zaɓi tambayar ranar da ya buɗe asusun, shi ya sa ya dawo yana ta dariya ban san dalili ba. Ga mahauta, ga 'yan acaɓa, ga matan unguwarmu, duk sun baza kunne. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, harshena ya ƙi tashi. Ina cikin "to, wato, shi dai," kuɗin wayar suka ƙare. Da aka sa wasu kuma layin ya ƙi shiga har magariba ta rufa. Haka na dawo gida na kwanta da mayafina a jiki.

Sai ga ni a tashar mota da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama, don haka kowa ya kife lemarsa a ƙasa ya tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Abin da na ce a raina kawai shi ne, gyaɗar da na shanya a kan rufi ta tsira, ta tsakar gida ce ta shiga uku.

Ga wata bas a tsaye ta kusa cika. A gidan gaba, kusa da direba, ƙafa ce zaune ita kaɗai, daga gwiwa zuwa ƙasa, da silifas ɗinta. Ina ganinta na gane ta. Akwai tabon ƙunar mai a idon sawun, tun yana rarrafe ya samo shi a bakin kaskona.

Kwamishon tashar jaki ne, da hula da 'yar jaka a wuya, yana ta shela: "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"

Na ce, "Malam, ina motar nan za ta?"

Ya ce, "Inda ba a dawowa. Za ki ne?"

Na ce, "Allah ya kiyaye. Ƙafar can ta gidan gaba tamu ce, a sauke ta."

"Ta wa ce?"

"Ta yaron Goggo."

Ya kaɗa kunne ya ce, "Ba mu da fasinja mai wannan suna. Amma in kin zo da kuɗin sauka, ba ruwanmu da suna. A nan shiga kyauta ce, sauka ake biya."

Na kwance bakin zanena, ba komai sai ƙuli guda. Na ce kuɗina suna banki, na roƙe shi ya nuna min hanya.

Ya ce, "Banki ya tafi kiwo, Iya. Tun da sassafe aka kora su daji, duk bankunan garin. Ko kin je ma ba zai tsaya ba, ga shi da tunkuyi. A nan ba a zuwa banki, wurin akuya ake zuwa. Ki hanzarta, da mutum ɗaya ya zo za mu tashi."

Na leƙa tagar na ce wa ƙafar, "Ke, kada ki kuskura ki je ko'ina." Ta motsa babban yatsa, ta juya min dunduniya. Halin mai ita sak.

Sai ga ni a gaban tebur. Wata jar akuya ce zaune a kan kujera da tabarau, ga na'urar cirar kuɗi a gabanta. Layi ya miƙe har bayan kasuwa, amma ba mutum ko ɗaya a ciki, takalma ne zalla. Mutane sun ajiye su su riƙe musu layi sun tafi gida, su kuma takalman in an zo kansu sai a ba su kuɗi su ƙara gaba. Na durƙusa na ce wa na gabana, wani sau-ciki mai ƙyalli, don Allah ya yi min alfarma, marar lafiya gare ni. Ya matsa gefe, ɗan mutunci. Haka na yi ta roƙo ina wucewa. Wani takalmin roba ne kawai ya yi tsaki, na ce ba laifinka ba ne, wanda ya saye ka ne bai yi maka tarbiyya ba.

Akuya ta ce, "Cira ko turawa?"

Na ce, "Cira."

"Kati."

Na miƙa mata. Ta sa a baki ta hau tauna, tana kallon gefe. Na ce, "Baiwar Allah, katina ne fa."

Ta ce, "Ana kan aiki."

Ta tauna, ta haɗiye, ta dawo da shi, ta sake taunawa. Can ta yi gyatsa ta ce, "An cire."

Na tara hannu na ce, "Alhamdu lillahi. Ba ni."

"An cire, amma ba su fito ba."

"Suna ina?"

"Tsakani."

"Tsakanin me da me?"

Ta sauke tabarau ta dube ni ta ce, "Wannan ita ce ajiyarki ta fari a banki?"

Na ce e.

Ta ce, "Shi ya sa. Kunyarki suke ji."

Ta nuna min bayan tebur da ƙaho. Ga kuɗina can a tsugune, sun lulluɓa da mayafi, sun juya wa mutane baya suna kallon bango. Nawa ne, ba tantama, har ƙanshin man gyaɗa suke. Na sassauta murya na ce, "Ku fito mana, lalura ce ta taso." Suka ƙara jan mayafi. Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Oh ni Tabawa! Ni na soya, ni na matsa, ni na ƙona yatsu, yau kuma ni ake rufe wa fuska? Ku tashi kafin in ɗauko muciya!"

Akuya ta ce, "Ba a yi wa kuɗi tsawa, firgita suke su gudu birni. Ki yi magana da babban ofis, in suka ce su fito za su fito. Sai dai fa da Sabis ake magana da babban ofis, shi kuwa ya tafi ta'aziyya."

Daga nesa na jiyo jaki: "Saura mutum ɗaya!"

Sai ga ni a ƙofar gidan makoki. An shimfiɗa tabarmi, maza sun yi jugum. Mamacin yana zaune a tsakiya cikin farar riga yana karɓar gaisuwa. Na durƙusa daga gefe na ce, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Da godiya." Na ce, "Allah ya jiƙan ka." Ya ce, "Amin, na gode da zuwa, a gai da gida."

Na tambaya wane ne Malam Sabis, aka nuna min wani tsoho siriri mai dogon wuya a ƙarshen tabarma. Yanzu ka gan shi, yanzu ba ka gan shi ba, sai rawaninsa a iska. Na gaishe shi.

Ya ce, "Lafiya ƙal... ya gi... da ya..."

Ya ɓace. Na jira. Da ya dawo na damƙe bakin rigarsa na ce, "Baba, ka yi wa Allah, magana zan yi da babban ofis."

Ya ce, "Ba na shi... ɗaki. Ba na sau... kwari. Sai kan su..."

Wani na kusa da shi ya ce, "Suri yake nufi, na bayan makaranta. Nan kaɗai yake tsayawa. Kuma ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an ɗauke shi."

Yo ni da abin da ke gabana, mene ne goyon tsoho? Na juya baya na goya shi, na ɗaure da mayafi tamau. Ba nauyi ko kaɗan. Mamacin ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ba da lada.

Sai ga mu a kan suri. Malam Sabis ya tsaya da ƙafa ɗaya ya ɗaga hannu sama, ya ce kada in taɓa shi, kada in yi numfashi da ƙarfi. A gabana randa ce babba, an rufe da faifai. Na ɗaga faifan na leƙa. Ba ruwa a ciki, sai muryar yarinyar nan mai zaƙi.

Ta ce, "Barka da zuwa babban ofis. Don Hausa, ki yi tari. Don harshen kaji, ki yi shiru."

Na yi tari.

Ta ce, "Duk ma'aikatanmu sun shiga wanka. Muna ji da ke ƙwarai, ki dakata."

Aka sa min goge. Na tsaya da kaina a cikin randa ina jin goge, ruwa yana tasowa daga ƙasa yana shiga min hanci. Mai gogen ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma da zan gan shi a lokacin da na fasa ƙoƙon a kansa.

Can muryar ta dawo. "Mama, mun ga matsalarki. Tambaya ɗaya ce. Mene ne sunan ɗanki na fari?"

Na ce, "Mijin Saude."

"Ba daidai ba ne."

"Mai tabon mai a idon sawu. Dogo, baƙi, yana da wushirya."

"Ba daidai ba ne."

"Wanda aka haifa shekarar da rijiyar masallaci ta rufta. Kowa ya san shi, ki tambayi ko wa kike so."

"Mama, suna ake nema."

Na ce, "Ke yarinya, ba ki da uwa ne? Kin taɓa jin uwarki ta kama sunan babbanku gatsal?"

Ta ce, "Ni a kamfani aka haife ni, Mama. Saura miki dama ɗaya."

Ƙafar Malam Sabis ta fara rawa. Ya ce, "Yi sau... zan ɗau..."

Na ce a raina, Tabawa, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ba kowa a nan sai tsoho da gara. Na buɗe baki da niyyar in faɗa a wuce wurin. Sai na ji wayam. Na sa yatsa a baki na lalube. Na ciro sunayen ƙannensa, na Ladidi, na Sabi'u, na ciro na Auta duk ya sha jiki saboda yawan kira. Na ciro sunayen kajina, har da na wata da muka yi faɗa a bakin famfo tun ina amarya. Na zube su a ƙasa na tona ɗaya bayan ɗaya. Nasa babu. A nan tsoro ya kama ni na gaske, don na san shi sarai a zuciya amma a bakin ba ya nan.

Muryar ta ce, "Ba ya bakinki? To wurin wa kika ba da ajiyarsa?"

Sai ga ni a ɗakin Goggo. Goggo ta daɗe da rasuwa, ɗakin ma Malam ya rushe shi ya yi kejin kaji a wurin, amma ga shi nan yadda yake, da gadon kara da jeren ƙwarya. Tana zaune a kan tabarma tana kaɗi. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Tabawa, sai yau?"

Na ce, "Goggo, ai kin rasu."

Ta ce, "To rasuwa hana zumunci take yi?"

Na ba ta haƙuri. Na ce, "Dama yaron wajenki ne ba ya jin daɗi. Shi ne aka ce wai sai an faɗi wani abu, to abin kuma na duba ban gani ba."

Ta ajiye mazari ta ce, "Har yanzu kina nan da kwana-kwanarki."

Ta jawo bakin zanenta ta hau kwance ƙulli. Ta fito da ɓarin goro, ta fito da allura, sannan ta fito da wani ɗan abu a naɗe cikin ganye. Ta ce, "Ranar suna, da aka shigo aka faɗa, kika sunkuyar da kai kika ja lulluɓi, ya gangaro ya faɗo a cinyata. Na ɗaure miki. Na ɗauka in an kwana biyu za ki zo ki karɓi abinki. Har na mutu ba ki zo ba."

Na ce, "Goggo, ai ku kuka koya mana."

Ta ce, "Mu muka koya muku, ban musa ba. Kuma kin yi, duk unguwa ana misali da ke. Ni ma sunan mijinki yana hannun tawa surukar, shi ne ɗan farina. Ban je na karɓa ba har aka kai ni. Ina kwance ranar ƙarshe yana riƙe da hannuna, ina so in kira shi, na ce masa, kai, rufe ƙofar nan, iska." Ta ɗauki mazarinta ta murza. "Ya tashi ya rufe."

Tausayinta ya kama ni, na Malam ya kama ni, nawa ma ya kama ni, hawaye suka zubo min, suka bi ruwa suka yi sama.

Ta ce, "Kukan me kuma? Karɓi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In kin fita ki ja min ƙofa."

Na warware ganyen. Ɗan ƙarami ne kamar ƙwayar gyaɗa, sabo fil, ko ƙura bai yi ba. Na jefa a baki. Da ɗumi, kuma da nauyi, sai da haƙoran ƙasa suka amsa.

Sai ga ni a tasha. Wannan karon duk garin ya hallara. Mahauta da wuƙaƙensu, 'yan acaɓa, matan unguwarmu, ƙannen Malam mata su duka sun jeru a benci da mafitai, har da mamacin ɗazu ya zo kallo. Akuya ta kawo teburinta, kuɗina suna ƙarƙashi a lulluɓe. Randa tana kan rufin bas an ɗaure ta da igiya, Malam Sabis yana tsaye a kanta da ƙafa ɗaya.

Fasinjan ƙarshe kuma ya iso bakin tasha. Hawainiya ce da akwati a ka. Ta ɗaga ƙafa, ta yi tunani, ta mayar, ta sake ɗagawa. Jaki yana cewa, "Hajiya, a ƙara sauri, ke kaɗai ake jira."

Yaron Goggo kuma yana zaune a kan wani buhu daga gefe, ya rufe gwiwar da gyale. Ya rame. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ina wuni."

Na dubi wani wuri, kamar yadda na saba, na ce, "Lafiya. An ce wasu ba sa jin daɗi."

Ya ce, "Da sauƙi."

Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi."

Hawainiya ta wuce mai shayi.

Ya ce, "Yaya, ki bar shi kawai, kada ki takura kanki a gaban mutane. Ƙafa ɗaya ma tana kai mutum masallaci. Tuƙin ne dai sai haƙuri, in ya so in nemi gadi."

Bakina a cike yake da abin da Goggo ta ba ni.

Ya ce, "Ni dama wasa na yi da na zaɓi tambayar nan. Ma'aikacin ya ce in zaɓi abin da ba za ki manta ba. Na ce wannan ba za ta manta ba, faɗa ne dai ba za ta yi ba. Muka yi dariya." Ya ja zaren buhun yana wasa da shi. "So nake dai in ji yadda yake a bakinki. Na ji shi a bakin Inna, na ji a bakin malamai, na ji a bakin 'yan sandan hanya. Naki ne ban sani ba."

Wallahi da a ce mari ya yi min da ya fi min sauƙi. Haushi ya taso min, na tura abin gefen kunci na ce wa iska, "Wasa! A dubi inda wasan wasu ya kai mu. Mutum da girmansa da iyalinsa, ba zai zaɓi sunan kaza ba, ba zai zaɓi na gari ba."

Ya ce, "A yi haƙuri, Yaya."

Hawainiya ta ɗora ƙafar gaba a kan matakalar bas. Direba ya tayar da mota. A gidan gaba ƙafar ta gyara zama, ta manna tafinta a jikin gilashi tana kallonmu.

Randa ta ce daga sama, "Mama, muna saurare. Mene ne sunan ɗanki na fari?"

Ƙannen Malam suka daina fifita. Na ji ɗaya tana cewa, "Ba za ta iya ba, 'yar gidan mutunci ce." Wata ta ce, "In ta faɗa kuwa mun samu na bakin famfo har baɗi."

Na rufe ido na faɗa a hankali, cikin mayafi.

Randa ta ce, "Ba mu ji ba, Mama."

Hawainiya ta ɗora ta biyu. Jaki ya kama ƙofa zai ja. Malam Sabis ya fara dusashewa daga ƙasa, saura wuya da rawani.

Na yar da mayafin. Na bar randa, na bar akuya, na bar ƙannen Malam da mafitansu, na juya na dube shi ido cikin ido, abin da ban yi ba tun yana cikin zanen goyo. Ashe girarsa irin ta babana ce, ban taɓa lura ba. Na cika ƙirji, irin yadda nake tallata ƙuli ranar kasuwa, na ce:

"Lurwanu!"

Ya ɗago kai. Ya buɗe baki zai amsa.

Sai ƙangarau! Murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida yana ta juyi a kan siminti, kaza ce ta ture shi. Na buɗe ido. Gari ya yi haske, ina zaune a tsakiyar gado, maƙogwarona yana zafi. Ban ga an sauke ƙafar ba, ban kuma ji ya amsa ba, kazar nan ta cuce ni.

Malam yana tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, ya saki baki, ruwan yana zuba a kan ƙafarsa bai sani ba. Ya ce, "Ke, lafiya? Wa kike kira haka har maƙwabta suna ji?"

Na taɓa harshena da haƙori. Sunan yana nan, bai koma ba.

Na ce, "Lurwanu nake kira. Ɗana. Ko da magana?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye butar a hankali, ya ce, "Babu. Tashi mu je wurin mai POS, ni ma in tsaya kusa in ji."